Ruwan da Na Ƙi Zubarwa

Adireshin da ke jikin takardata gaskiya ne, wannan kam ba zan yi wa dillalin sharri ba. Titin yana nan, lambar gidan tana nan, har ƙofar gilashin da na gani a hoto tana nan. Kamfanin ne kawai babu. Inda ya kamata in tarar da injiniyoyi masu koyar da ban ruwan filayen wasa, wata mata na tarar tana yi wa kare aski. Na miƙa mata takardar ta karanta, ta dube ni da tausayi, ta ce mutanen sun daɗe da tashi, ita ma ba ta san inda suka nufa ba. Karen ma sai da ya dube ni.

Kwanana biyu ke nan a Jamus. Na fito na zauna a kan akwatina a bakin titi, na kira lambar dillalin da ya shirya mini tafiyar daga Kaduna. A kashe. Na sake kira har sau biyar, kamar yawan kira zai kunna ta. Sannan na yarda an yi mini sakiyar da ba ruwa. Abin mamaki, ba motata da na sayar na fara tunawa ba, ba kuma dariyar da abokaina za su yi ba. Baba Yohanna ne ya faɗo mini a rai.

Sunana Nasiru, haifaffen unguwar Badarawa a Kaduna. Mahaifina ma'aikacin gwamnati ne har ya yi ritaya, ni kuma na karanta aikin injina, na samu aiki a wani tsohon kulob inda manyan ma'aikata ke buga tanis da yamma. Janareta da injin ruwa ne a hannuna. A kulob ɗin akwai filin tanis na jar ƙasa guda ɗaya, kuma Baba Yohanna, mutumin kudancin Kaduna, shi ke kula da shi tun ba a haife ni ba. Ɗakinsa yana bayan filin. Filin ƙasa kuwa kamar jariri yake, kullum sai an ba shi ruwa, in an yi sake ya tsattsage ya koma gari, 'yan wasa su riƙa zamewa. Da bazara bohol ɗin kulob yakan ja baya, sai Baba ya koma jido da bokiti daga rijiyar makwabta. Bayansa ya ranƙwafa a kan wannan aikin.

Kwamitin kulob ya gaji, ya ce a zuba siminti kowa ya huta. Siminti ba ya shan ruwa, ba ya kuma bukatar Baba Yohanna, har an fara maganar mayar da ɗakinsa sito. Ni da ba a tambaye ni ba, bakina da ba ya jin magana ya buɗe a gaban taro, na ce akwai ƙasashen da fili ke shayar da kansa, a ba ni lokaci in je in koyo. Ciyaman ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To Injiniya, ka ji da kyau. In zafin bazara ya shigo ba mu ga komai ba, motar siminti za ta shigo." Da na gaya wa Baba, bai ce na gode ba. Cewa ya yi, "Yarona, ka tafi da rigar sanyi."

Kwana huɗu na yi a wani ɗan masauki kusa da tashar jirgin ƙasa ina cin burodi da ruwan shayi, ina jin kunyar kiran gida. Ranar Juma'a na bi wasu Turkawa har wani masallaci da ke ƙarƙashin bene. Ana fitowa, ina neman takalmina, sai na ji wata murya a bayana tana faɗa a waya: "Na ce kar a sayar da akuyar nan sai na zo!" Wallahi ban taɓa jin magana mai daɗin wannan ba. Na juya na riƙe hannun mutumin kafin ma ya kashe wayar.

Issaka sunansa, mutumin zangon Kumasi ta Ghana, mai walda, ya fi shekara ashirin a can. Ya ji labarina ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya kai ni ɗakinsa ya zuba mini shinkafa da wake da yaji, ya zauna yana kallona ina ci.

"Ɗan'uwa, ku mutanen Najeriya akwai ƙarfin hali," in ji shi. "Ka tsallako duniya saboda tsoho ɗaya da jar ƙasa. To, akwai wata tsohuwa da nake yi wa walda a ƙauye. Tana da irin haukarka. Ba ta dariya, ba ta son a makara. In ta kore ka, babu ruwana."

Jirgin ƙasa biyu da bas ɗaya suka kai mu. Madam Irma ta kusa saba'in, gajera, gashinta fari fat, hannunta kamar na makaniken kasuwar Panteka ta Kaduna. Ta gaji garejin ƙera ƙananan tireloli, irin waɗanda ake ɗaura wa mota ta ja, daga mahaifinta, ta kuma shafe shekaru tana ƙirƙirar na'urar shayar da filin tanis. Da Turanci muke magana, nata a karye, nawa a tsorace. Ta ji bayanin Issaka, ta ɗauki makullin mota ta yi mana alama mu biyo ta.

Filayen kulob ɗin garinsu huɗu ne, jajaye kamar namu, sai dai nasu bulo ne aka niƙa. Babu kowa a wurin. Babu mai tiyo, babu mai bokiti. Muna tsaye sai na ji wani ɗan huci daga ƙasa, kawai na ga wasu kawuna sun ɓullo a gefen fili kamar ƙadangaru sun leƙo daga rami. Suka fara juyawa suna feshi, lallausan ruwa, kowane yana tsayawa daidai inda na kusa da shi ya fara. Rana ta bugi feshin, bakan gizo ya fito a kan raga. Can suka yi shiru, suka koma ƙasa, kamar ba a yi ba.

Na tambaye ta ƙarfe nawa ta saita, ta ce babu agogo a ciki. A kowace kusurwa ta binne wani abu mai tsawon yatsa da ke jin danshin ƙasa. A saman sanda akwai 'yar fanka da ke auna iska, in ta yi ƙarfi sai a dakata don kar ruwan ya tafi a banza. Akwai kuma wani ɗan ido da ke gane in da mutum a fili, don kar a jiƙa 'yan wasa. Filin ne da kansa ke cewa yana jin ƙishirwa. Na yi tasbihi a zuciyata, na tuna Baba Yohanna da bokiti biyu, ƙwalla ta cika mini ido.

Ban san lokacin da na cire takalmi ba. Sabon zama da Baba ne. Baba ba ya yarda da abin da ido ya gani, takawa yake yi da dunduniya ya ɗan murza. In ƙasar ta karɓi dunduniyar ta riƙe sawun, ta ƙoshi. In ta zame, da saura. Na bi layi ina takawa, Issaka yana yi mini raɗa cewa in daina abin kunya. Da na kai kusurwar da ke kusa da katanga, dunduniyata ta zame.

"Nan bai sha ba," na ce.

Ta duba 'yar na'urar hannunta ta ce ya sha. Na ce to, amma bai ƙoshi ba. Ta ƙare mini kallo, ta koma mota ta ɗauko ƙaramin shebur ta tona. Ƙasar a bushe take daga ƙarƙashi. Ashe ma'aunin danshin yana cikin inuwar katanga ne, taku biyu daga nan kuwa rana na gasa wurin. Daga tsugune ta dubi ƙafata, ba fuskata ba.

"Wa ya koya maka?"

"Wani dattijo a garinmu."

"Gobe ƙarfe bakwai," in ji ta. Da kanta ta raka ni ofishin shige da fice bayan kwana biyu, ta tsaya a kan maganata har aka mayar da takardar zamana kan garejinta.

A makonnin da suka biyo baya na ga abin da ya sa na riƙa jin karatuna bai wuce share fage ba. A bayan garejin, matar nan ta gina mummunar hanya da gangan. Ta jera katakai, ta haƙa ramuka, ta zuba duwatsu. Na yi dariya na ce mata layinmu na Badarawa da damina zai ba wa wannan hanyar darasi kyauta. Ba ta yi dariya ba, sai ta ce in zana mata zurfin ramukanmu.

Wata safiya ta cika kofi da shayi har baki, ta ajiye a kan sabuwar tirelarta, ta ce in hau in zauna kusa da shi. Ta ja da mota ta bi ta kan katakan nan. Ina kallon tayoyi suna hawa suna sauka, kowace da nata, ta dama ba ta san abin da ta hagu ke ciki ba, amma gadon tirelar a kwance lumui. Shayin ya yi rawa, bai zube ba. Na sauko na shige ƙarƙashi ina neman sifirin, babu. Kowace taya tana da hannunta na ƙarfe, hannun kuma yana murɗa roba a cikin wani bututu mai kusurwa huɗu. Wannan ba sabo ba ne, in ji ta. Nata ƙarin shi ne roba ta biyu, wadda ba ta taɓa komai sai an ɗora nauyi. Tirelar ruwa takan tafi a cike ta dawo ba komai, in ka yi mata sifirin mai tauri sai ta riƙa tsalle a dawowa har tanki ya tsage, in ka yi mai laushi ta durƙushe a tafiya. Tata tana gane nauyin da ke kanta. Na kwanta a ƙarƙashin tirelar nan ina murmushi ni kaɗai, har Issaka ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

Amma abin da idona ke kai shi ne wani kan tagulla mai baki takwas da ke ɗakin famfo na kulob, wanda ke raba ruwa zuwa kowane fili. Na sa masa suna mararraba. Da hannunta ta sassaƙa shi, guda ɗaya ne tak a duniya, rabin zanensa ma a kanta yake ba a takarda ba. Ta yi mini alkawarin in an rufe filaye saboda sanyi, za mu kwance shi mu ƙera irinsa in tafi da shi Kaduna. Na kira Baba Yohanna na gaya masa. Ya ce, "Madalla. Kana cin abinci dai?"

Sai rana ta fara guduwa. Ban taɓa sanin yini yana ƙanƙancewa haka ba. Ka idar da azahar, kafin ka gama naɗe darduma la'asar ta yi, magariba na biye da ita. Ganyaye suka yi ja suka zube, itatuwa suka tsaya tsirara. Kewar gida ta kama ni sosai. Nakan kira Umma don kawai in ji hayaniyar layinmu a bayan muryarta, masu kura suna ƙwanƙwasa jarka, maƙwabciyarmu tana kiran 'ya'yanta.

Wata Alhamis Madam Irma ta ɗaura tirelarta za ta kai ta baje koli a wani birni, kwana huɗu. Ta ba ni makullin ɗakin famfo, karo na farko. Ta ce gobe in buɗe kowane famfo, in zubar da ruwan tanki kaf, in hura iska cikin bututai da injin iska irin na masu faci har sai ɗigo ɗaya bai rage ba. Ta maimaita sau biyu. Na ce ta ɗauka an gama.

Da safe na je na buɗe babban famfon. Ruwa ya ɓalle, fari tas, mai sanyi, wanda za ka sha ba tare da ka tace ba, yana kwarara cikin kwata. Na tsaya ina kallo. Tankin nan ya fi ɗakina girma. A gidanmu, in ka bar famfo yana ɗiga Umma sai ta ji daga ɗaki. Na tuna bazarar da muka yi sati muna jiran mai kura, na tuna Baba yana tafiya a hankali don kar bokiti ya fantsala. Ƙirjina ya yi nauyi kamar ina kallon ana zubar da tuwo a gaban mayunwaci. Rana kuma tana haske, sama garau. Na ce a raina, me zai faru cikin kwana uku? In bar shi zuwa Litinin, mu ɗebe mu wanke tireloli da garejin, sannan in zubar da saura. Na rufe famfon, na kulle ɗakin, na tafi ina jin na yi abin kirki.

Na karanta a makaranta cewa ruwa yana kumbura in ya daskare. Na sha ganin kwalba ta fashe a firji. Abin da bai taɓa zuwa kaina ba shi ne gari guda, da titunansa da ƙasarsa, zai iya zama firji.

Ranar Litinin da safe ciyawa ta yi fari, tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Makullin ma da ƙyar ya juya. Da na tura ƙofar ɗakin famfo, sai na ga abin da har yau ban ga mai kyau da ban tsoro irinsa ba. Ƙanƙara ta sauko daga bututai tsiri-tsiri kamar an rataye gilasai, haske yana wasa a jikinta. A tsakiya ga mararraba, ta tsage daga sama har ƙasa, ƙanƙara ta leƙo ta cikin tsagar. Tagulla mai kaurin yatsa, ruwan da na ji tausayinsa ya raba ta biyu ba tare da ko ƙara ba. Na zauna a ƙasa.

Issaka ya zo ya gani, ya kama haɓa. "Ɗan'uwa, ka kashe mu. Ji nan, ka ce injin iskar ne ya ƙi tashi. Tsoho ne, kowa ya sani. Ni zan tsaya maka."

Ba zan ɓoye ba, na yini ina juya shawarar nan, ta kuma yi mini daɗi. In ta kore ni, hannu biyu zan koma, motar siminti ta shigo, Baba ya tattara kayansa. Amma da motarta ta tsaya da la'asar, ta shiga ɗakin ta fito riƙe da rabin tagullar nan a hannu kamar wadda aka yi wa rasuwa, bakina ya ƙi ɗaukar ƙaryar.

"Injin iska lafiyarsa lau," na ce. "Ni ne na rufe famfon. Na kasa zubar da ruwan."

"Ka kasa? Famfon ya yi tauri?"

"A'a. Ruwan ne ya yi kyau da yawa."

Ta dube ni kamar na yi wani yare. Ta shiga mota ta tafi. Kwana biyu ina zuwa gareji ƙarfe bakwai, tana wuce ni kamar ba ta gan ni ba. A na uku na zo da akwatina, don in sallame ta in kama hanya. Ta nuna mini kujera, ta zauna a gabana da fensir.

"A gidanku, ruwa ɗaya sau nawa ake amfani da shi?"

Na ce ya danganta. Wanda aka wanke shinkafa da shi, na shuka ne. Na ɗaurayar wanki, a goge ɗaki da shi, abin da ya rage a kai banɗaki. Na alwala ma akwai roba a ƙarƙashi, zogalen Umma ke sha. Ta tambayi ƙarfin famfon kulob ɗinmu, na ce ai famfon gwamnati sai ya ga dama. Wuta fa? Na yi dariya duk da halin da nake ciki. Ta ajiye fensirin.

"Shekara biyu na yi ina sassaƙa abin da ka fasa," in ji ta. "Ban yafe ba tukuna. Za ka tone kowane bututu da ya fashe da hannunka. Amma wannan na'urar, don ƙasar da ba a ƙirga ruwa na yi ta. Da ka kai ta garinku, sati ɗaya za ta shanye muku bohol ta tsaya, ka ji kunya a gaban dattijonka. Ya kamata in tambaye ka tun ranar da ka cire takalmi. Mayar da akwatin nan."

Na tona kuwa. Ƙasar ta yi tauri kamar kankare, diga na tsalle yana dawowa, yatsuna suka farfashe, dusar ƙanƙara tana sauka a wuyana shiru kamar auduga. Da safe tono, da rana zane. A cikin watannin nan muka ƙera wata na'ura dabam, wadda ba ta jiran famfo ko wutar gwamnati. Tankinta yana kan tirela, a je a ɗebo ruwa duk inda yake, a dawo a jona. Faifan hasken rana ɗaya ya ishe ta. Ba ta feshi mai yawa, kurɓi-kurɓi take bayarwa da sassafe da kuma bayan la'asar. Ni na kawo shawarar a yanka robar tirelar daga tsohuwar tayar babbar mota, don in ta lalace a samu a Kaduna. Ta gwada a mummunar hanyarta, wadda yanzu ta ƙara wa ramuka biyu irin na Badarawa, kofin shayi bai zube ba.

Wata rana na shigo na tarar ta cika faranti da jar ƙasa a tsakar gareji, ta cire takalmi da safa, tana takawa da yatsu tana ɓata fuska. Na juya baya don kar ta ga dariyata.

Ranar da zan taho ta ba ni akwatin na'urar. Maɓallan saita danshi guda huɗu ne, ɗaya don kowace kusurwa, amma babu lamba ko ɗaya a jikinsu, fari fat. Na ce ta manta. Ta ce ba ta manta ba, ba ta san ƙasarmu ba ne, ni ma ban gama saninta ba. Ta sa mini wani ɗan kurfi na buga alama a jikin ƙarfe a aljihu ta ce, "Mai ƙafar ne zai sa alama." Issaka ya raka ni tasha, ya cusa mini ƙullin yaji, ya ce in na sake jin tausayin ruwa in kira shi tukuna.

Da na dawo Kaduna, sati uku muka yi da masu walda a Panteka kafin tirelar ta tsaya da ƙafarta. Zafi ya riga ya fara, bohol ya fara tari. Ranar gwaji 'yan kwamiti suka jeru a inuwa, Ciyaman da tabaransa. Baba Yohanna yana zaune can gefe a kan bokitinsa da ya kife. Na jawo tirelar daga Unguwar Dosa a cike, ta bi ramuka ba ta zubar da ko cokali ba. Na jona, na koma gefe.

Kawunan suka ɓullo. Ruwa ya tashi a kan jar ƙasarmu, ƙamshin farkon damina ya bugi hancin kowa. Wani daga cikin manyan ya miƙe tsaye bai sani ba. Da suka koma ƙasa aka yi tafi, Ciyaman ya ce maganar siminti ta mutu. Sannan ya ƙara da abin da ban shirya masa ba: "To ai shi ke nan, tunda fili yana shayar da kansa, Baba sai ya je gida ya huta."

Wata shida na wahala, ashe da hannuna na ƙero abin da zai kore shi. Na dubi Baba. Bai dubi kowa ba. Ya miƙe a hankali, ya zare silifas ɗinsa ya ajiye a bakin layi, ya shiga filin. Yana takawa yana murzawa, kusurwa bayan kusurwa. A kusa da bishiyar darbejiya ya tsaya.

"Nan bai sha ba. Saiwar bishiyar nan tana sata ta ƙasa. Can kuma wajen ƙofa ya yi yawa, gobe zai yi santsi."

Ciyaman ya aika aka tona. A bushe. Na buɗe akwatin na nuna masa fararen maɓallan.

"Ranka ya daɗe, na'urar ba ta san filin nan ba, sai an koya mata. Abin da take so da bazara dabam, na damina dabam, na sanyi dabam, bishiyar nan kuma kullum girma take yi. Wadda ta ƙera ta ma ta ce ba ta iya ba. Ni ma ban iya ba."

Ciyaman ya dubi ramin, ya dubi sawun dunduniyar da ke bin layi, ya cire tabaransa ya goge. Ya ce a bar maganar sito.

Na ciro kurfin daga aljihu na miƙa wa Baba. Ya murɗa maɓallin kusurwar darbejiya kaɗan, ya jira ruwa ya sauka, ya je ya taka, ya dawo ya ƙara kaɗan. Sai a karo na uku ya sa kurfin ya buga alamar farko a jikin farin ƙarfen. Na ba shi labarin tsohuwar da farantin ƙasa a tsakar gareji. Ya saurara har ƙarshe, yana ɗaukar bokitinsa yana sakawa a ƙarƙashin bakin tankin, inda ruwa ke ɗan ɗiga.

"Da yatsu ka ce take takawa?"

"Da yatsu, Baba."

"In ka kira ta, ka gaishe ta da aiki," in ji shi. "Ka ce mata da dunduniya ake yi."